Jan Biron Barista

Na karanta duk abin da kuka rubuto a ƙasan shafin da ya wuce, har da na baiwar Allah da ta ce in daina neman laifin mutumin da bai yi min komai ba. Wata kuma ta aiko da karin maganar da na san sai an aiko, wai kishi kumallon mata. Na gode. Amma kumallo amayar da shi ake yi a huta, nawa kuwa zama ya yi ya miƙe ƙafa, don ba a kan abin da kuke zato yake ba. Ban kama Barista yana kallon kowa ba, ban ga saƙon soyayya a wayarsa ba. A kan biro nake kishi. Jan biro, irin wanda ake sayarwa a kowane kanti.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: ina ajin ƙarshe na karatun shari'a a jami'a, kuma saura wata huɗu aurena da Barista. Ƙaramin lauya ne a wani ofishi da ke hawa na biyu, saman kantin magani. Shi ya samar mana gurbin sanin makamar aiki na mako shida a wurin, ni da ƙawata tun ajin farko, wadda duk ajinmu ke kira Sakin-Layi, saboda ko malami ne ya kawo hukunci sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a sakin layi na nawa?" Mai ofishin tsohuwar lauya ce. A gabanta Hajiya ake cewa, a bayan idonta Kotun Ƙoli, don in ta yi magana babu inda za ka ɗaukaka ƙara. Kowace shekara ɗalibi ɗaya take riƙewa cikin masu zuwa, ta rubuta masa takardar shaida, ta ajiye masa kujera har ya gama makarantar horar da lauyoyi ya dawo. Kujera ɗaya ce, mu kuwa biyu. Tun ina 'yar shekara goma nake mafarkin irin wannan kujerar.

Ƙa'idar ofishin ita ce a ba ɗalibi tambaya, ya rubuta daftarin amsa, ya kai wa ƙaramin lauya. Shi kuma ya bi da jan biro ya dawo maka da shi, ka sake, ya sake bi, har sai ya gamsu. Sannan ya sa hannu a kusurwar shafin farko, ƙarƙashin kalma biyu: "Na duba." Wannan sa hannun ba ado ba ne. In takardar ta hau sama wurin Hajiya aka sami ɓaraka, wuyan mai sa hannu ne a ciki, ba na ɗalibi ba.

Daftarina na farko ya dawo fes, kamar rigar da ba a taɓa sawa ba. A samansa an rubuta da shuɗin biro, "Ya yi kyau, Gimbiya." Na biyu ma haka. Na Sakin-Layi kuwa ya dawo kamar an yanka kaza a kansa: layi a ƙasa, layi a sama, kibiya daga wannan shafi zuwa wancan, alamar tambaya uku-uku a gefe. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Har hoton nawa na ɗauka na tura wa Umma.

Ranar Litinin ta mako na uku daɗin ya koma ciki.

Na shiga ɗakin littattafai neman wani kundi. Ɗaki ne mai tsawo, kantoci har rufi, da fanka mai rangaji da ke kaɗa warin tsohuwar takarda. Barista da Sakin-Layi suna can ƙarshen tebur. Ya cire kwat ɗinsa ya rataye a bayan kujera, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, jan biron a tsakanin yatsunsa. Ita tana tsaye da farar rigarta da ta fara yin ruwan toka a wuya, tabarau ya sauko kan hanci. Ba su ma ji shigowata ba.

"A'a," in ji shi. "Faɗa min da bakinki abin da alƙalin ya ce."

"Ya ce yarjejeniyar baki tana ɗaure mutum."

"Hukuncinsa ke nan, ko magana ce ya yar a gefen hanya yana wucewa?"

"Yallaɓai, duba sakin layi na sha tara."

Ya jawo littafin yana karantawa. Can ya bugi tebur da tafin hannu yana dariya. "Kin kama ni. Amma hujjarki ta biyu har yanzu gurguwa ce. Zauna."

Na tsaya bayan kanta riƙe da kundin da ban buɗe ba. Akwai agogon bango a saman ƙofa, kuma ni 'yar magatakardan kotu ce, rubuta lokaci gado ne a wurina. Minti arba'in da uku suka yi a kan sakin layi guda. Ban taɓa ganin idonsa da wannan hasken ba, irin na mutumin da ya sami abokin kokawa daidai ƙarfinsa. Shekararmu biyu tare, ban taɓa jin ya ce min "kin kama ni" ba, don bai taɓa gudu a gabana ba balle in bi shi.

Da ya fito ya gan ni, sai fuskarsa ta yi laushi kamar an zuba wa wuta ruwa.

"Gimbiya, kin ci abinci?"

"Na ci."

"Me kika ci?"

Na san akwai masu cewa namiji mai tambayar ko kin ci abinci rahama ne. Ban musa ba. Amma ko kyanwar gidanmu ana tambaya ko ta ci.

Da aka tashi na tarar da Sakin-Layi zaune a kan matakala, ta cire tabarau tana goge ido da gefen mayafi.

"Mutumin nan naki ya tsane ni," ta ce. "Sau huɗu ina sake takarda ɗaya. Dubi abin da yake turo min."

Ta miƙo min wayarta da hannunta. Na zauna kusa da ita na fara ja sama.

"Shafi na uku, kin yi iƙirari babu madogara. Nemo."

"Kin karanta hukuncin gaba ɗaya, ko taƙaitawar kan shafi kawai?"

"In ni ne lauyan ɗaya ɓangaren, a nan zan kayar da ke. Toshe ƙofar."

"Wannan ya fi. Har yanzu bai kai ba."

Babu gaisuwa, babu fure, babu ko "ya gida". Na karanta su kamar mai jin yunwa a bakin tagar masu cin abinci. Sannan na buɗe tawa wayar a ɓoye cikin jaka na duba nawa na wannan makon.

"Barka da safiya, hasken idona."

"Umma ta ce kin zaɓi labule?"

"Kada ki wahalar min da kanki da karatu."

"Ke kam kin huta," in ji Sakin-Layi tana jan hanci. "Naki sau ɗaya yake wucewa. Da ma ni ce ke."

Na dafa kafaɗarta na ce ta yi haƙuri. Allah ya yafe min, a wannan lokacin da za a ba ni zaɓi tsakanin zoben da ke hannuna da wayarta, ban san wanda zan ɗauka ba.

Ranar Asabar Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da jaka cike da guntayen yadin labule. Aka baza su a kan kafet ɗin falo, masu fure, masu zane, mai ruwan zuma da mai ruwan hanta. Umma ta zauna a ƙasa tana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Baba yana kujerarsa ta kusa da taga da jarida. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana magatakardan kotu kafin ya ajiye aiki, kuma har yau in ana hira a gida kansa a sunkuye yake kamar mai ɗaukar bayani.

"Ke wannan fuskar fa?" in ji Gwaggo. "Amarya ce ko mai zaman makoki?"

"Gajiya ce, Gwaggo."

"Gajiyar me? Uwarki ta nuna min takardarki, ko ɗigo bai sa miki ba. So hana ganin laifi ke nan. Ki riƙe shi hannu bibbiyu. Mace lauya in ba a yi mata aure da wuri ba, ɗakin mijin take mayarwa kotu."

"To ai shi ma lauya ne."

"Shi ya sa. Gida ɗaya lauya biyu, wa zai yi shiru?"

Umma ta ɗago wani yadi ta ce, "Wannan ba ya nuna datti." Haka take raba faɗa tun muna yara.

Na juya wurin Baba. "Baba, in lauya ya yi magana a kotu alƙali bai katse shi ba ko sau ɗaya, ya ci ke nan?"

Ya sauke jaridar kaɗan, ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata, lauyan da alƙali ke katsewa yana jifansa da tambaya, shi ake sauraro. Wanda aka bari ya yi ta zuba ana gyaɗa masa kai, an gama da shi tun kafin ya miƙe."

"Yaya, ana maganar labule kana maganar kotu," in ji Gwaggo.

Ya mayar da jaridarsa. Ni kuwa maganar ta shige ni kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Yanzu ga inda na yi abin da na yi, kuma ban zo neman ku wanke ni ba. An koya mana a aji cewa zargi ba hujja ba ne. Wataƙila aikina yana da kyau ne da gaske, wataƙila babu abin gyarawa. Mai hankali da ta tambayi Barista kai tsaye. Amma ni ɗalibar shari'a ce, na san abin da wanda ake tuhuma zai ce in an tambaye shi. Sai na ce bari in nemo shaidar da ba ta musantuwa.

Litinin ta mako na biyar aka ba mu tambaya ɗaya ni da Sakin-Layi. Wani mai jerin shaguna yana so ya tashi wata tela da ta shekara sha ɗaya tana haya a wurinsa, yana tambaya wa'adin wata nawa doka ta ce ya ba ta. Amsar a fili take, ko ɗan aji biyu ya sani: wata shida. A da can sashe na arba'in da uku na tsohuwar dokar haya ya ce wata ɗaya, amma an soke shi shekara shida da suka wuce. Tsohon kundin yana nan a kantar ƙasa ta ɗakin littattafai, mai koren bango, ƙura ta rufe shi. Na durƙusa da baƙin siket ɗina na zaro shi.

Shafi bakwai na rubuta, na gina su duka a kan mataccen sashe. Na sa shi a layi na huɗu na shafin farko, da manyan baƙi, inda ko makaho ya shafa zai ji. Sauran kuwa na zuba duk abin da na iya, don kada ya ce rashin kyan rubutun ne ya sa bai kai ƙarshe ba. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ƙaryar ba.

Talata da rana na ajiye masa. Laraba da safe na tarar da ita a kan teburina, fes. "Madalla, Gimbiya," da shuɗin biro. A kusurwa kuma, "Na duba," da sa hannunsa mai doguwar jela.

Na same shi a ofishinsa yana ɗaura farin ƙyallen wuya zai tafi kotu, baƙar rigar lauyoyi a rataye a hannunsa.

"Ka karanta?"

"Har sau biyu."

"Babu abin gyara?"

"Ke da wa zai gyara miki? Kawo in sa a fayil." Ya karɓa ya jefa cikin aljihun tebur, ya yi min murmushin nan da ya sa na fara sonsa a harabar jami'a. "Launin ruwan zuma nake so, ki gaya wa Gwaggo."

Na sami shaidata. Na zata zan ji daɗin wanda ya ci shari'a, sai na ji kamar an kwashe kayan ɗaki an bar ni da bango. Na ce a raina ranar Asabar zan ajiye masa takardar da sabuwar dokar gefe da gefe, in ga bakin da zai yi magana, sannan in yaga ta. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ni nawa na auna shi, na ga gajere ne. Abin da ban auna ba shi ne wa zai bi ta hanyar.

Alhamis da ƙarfe goma muka ji takun sandarta a matakala. Hajiya ba ta cika saukowa ba. Ta tsaya a ƙofar Barista, 'yar ƙaramar mace cikin baƙar doguwar riga da farin mayafi, ta ce, "Mako ɗaya ya rage wa yaran nan. Ba ni aikinsu na hayar shago, duka biyun, in ga wadda zan riƙe."

Ina kallo ya buɗe aljihun tebur. Ina kallo ya haɗa tawa da ta Sakin-Layi, wadda ta sake sau biyar, ya miƙa da hannu biyu. Har ya waiwayo ya kashe min ido ɗaya, wai ya yi min gata. Bakina ya buɗe, amma me zan ce? "Hajiya, dakata, ƙarya na rubuta"? Sandar ta koma sama, ƙwas, ƙwas, kowane taku a kan ƙirjina.

Ƙarfe biyu da kwata, bayan Barista ya tafi kotu, sakatariya ta leƙo. "Hajiya na kira. Ke kaɗai."

Na shiga banɗaki na gyara mayafina, na goge ƙurar takalmi da takarda. Sannan na hau.

Ofishinta babu ado. Tebur ne babba da gilashi a kai, tulin fayil ɗaure da jan zare, hular gashin lauyoyi a kan wani katako ta tsufa har ta yi ruwan ƙasa. Takardata tana gabanta a kife.

"Zauna, 'yata. Wata nawa ne wa'adin?"

"Shida, ranki ya daɗe."

"Ba ki ko yi tunani ba."

Na sunkuyar da kai.

"Da farko na ce yarinya ce ta ɗauko tsohon littafi, kowa ya taɓa yi. Ni ma na yi, a gaban alƙali kuwa. Sai na zo shafi na huɗu." Ta juya takardar ba tare da ta nuna min ba. "A ƙasan shafin kin kafa hujja da wani hukunci na kotun ɗaukaka ƙara a kan yadda ake miƙa takardar tashi. Hukunci mai kyau, ba kowa ya san shi ba. Sakin layinsa na farko cewa ya yi an soke sashe na arba'in da uku. Wanda ya kai ga sakin layi na talatin ya wuce ta na farko. Ke kin sani."

Fankar sama tana juyawa.

"Wa kika ɗana wa?"

Idona ya sauka a kusurwar takardar, inda sa hannun yake. Ita ma can ta duba. Ta ɗan yi wani sauti a hanci, ban san ko dariya ce ba.

"Shekara arba'in ina wannan aikin. Na ga an yi kishi a kan mota, a kan gida, a kan ɗan kunne. Yau na ga na biro." Ta cire tabarau ta ajiye. "Amma ki saurare ni. Da ina sauri yau, da na ga sa hannu na aika wa mai shaguna. Shi kuma ya ba matar nan wata ɗaya. Kina zaton tana da lauya? Da ta kwashe kekenta na ɗinki ta tafi tana kuka, ba ta san doka ta ba ta wata biyar a kai ba. Ke kina can kina auna zuciyar saurayinki da rumfar wata."

Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Ko sau ɗaya. Tela ce a takarda, ban ba ta fuska ba sai da Hajiya ta ba ta. Kunya ta rufe ni har na ji kunnena yana zafi.

Sai ta turo min takardar ta kan gilashin.

Ja. Daga sama har ƙasa, shafi bakwai, ja. Ba a kan mataccen sashen kaɗai ba, wannan layi ɗaya ta ja masa ta wuce. Sauran ne ta bi, waɗanda na rubuta da gaske. "Wannan jimlar ta yi tsawo, raba ta." "Ina madogara?" "Kin amsa tambayar da ba a yi miki ba." A shafi na biyar kuwa, a gefe, da ƙaramin rubutu: "Wannan tunani naki ne? Bi shi har ƙarshe."

Ku yi min dariya in kuna so. Ina tsakiyar wuta, aikina da aurena duka suna lilo, amma da na ga wannan layin sai da hawaye ya zubo min, kuma ba na tsoro ba ne. An karanta ni.

"Kada ki yi murna," in ji ta. "Ga yadda abin yake. Gobe ƙarfe tara ina son ku biyun a nan. In kin yi shiru, kuskuren ɗaliba ne, ba a hukunta ɗalibi a kan kuskure, za ki tsaya takara da ƙawarki kamar kowa. Shi kuwa da ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba, zan karɓe duk fayil ɗin da ke hannunsa, har da ƙarar da zai fara tsayawa a kotun ɗaukaka ƙara wata mai zuwa. In kuma kin faɗa a gabansa cewa da gangan kika yi, laifin ya rabu biyu, nasa ya yi sauƙi. Amma ban taɓa riƙe wanda ya yi wasa da amanar mai kawo aiki ba, kuma ban ce zan fara a kanki ba."

"Ranki ya daɗe, ai kin riga kin sani."

"Abin da na sani daban, abin da aka faɗa a gabana daban. Ba a koya muku wannan ba? Tashi ki je."

Na sauko ina rungume da takardar a ƙirji. Sakin-Layi tana jirana a ƙasan matakala. Da ta hango jan sai ta dafe baki.

"Sannu. Wallahi na san zafin. Kawo in taya ki dubawa."

"Bar shi."

"Ba don kujerar ba, ni dai..."

"Na ce bar shi." Na ƙara matse ta. Mako biyar ina kallon nata, yau da na sami nawa ba zan ba kowa ya taɓa ba.

Na zauna a teburina ina lissafin abin da ba ya lissafuwa. In yi shiru, in ci kujera a kan bayansa, in aure shi da wannan a cikina. Ko in yi magana, in rasa abin da nake so tun ina ɗaukar wa Baba jakarsa zuwa bakin ƙofa, don in ceci mutumin da ya ce min "har sau biyu" yana kallon idona. Na fara karkata wajen ceton nasa, ku shaida. So ba ya mutuwa don an kama shi da ƙarya ɗaya.

Sai waya ta yi motsi a cikin jaka. Shi ne, daga kotu.

"Gimbiya, sakatariya ta ce Hajiya ta kira ki, wai an sami matsala a takardar. Kada ki sa komai a ranki."

Wani ya biyo baya kafin in taɓa komai.

"Gobe zan riga ki shiga in yi mata bayani. Zan ce ban tsananta dubawa ba ne don ke dama bayan biki ba aiki za ki yi ba, mun gama wannan maganar da Gwaggo tuntuni. Ta ba yarinyar can kujerar, kowa ya huta. Kin ci abinci?"

Na karanta sau biyu. Ni da gaske na karanta sau biyu.

Tuntuni. Wato tun kafin daftarina na farko. An gama da ni tun kafin in miƙe, ana ta gyaɗa min kai.

Na kife wayar a kan tebur, na miƙe na gyara zaman mayafina, na ɗauki takardata mai ja. Sakin-Layi ta bi ni da ido har na fara hawa. Matakala sha takwas ce, yau na ƙirga. Na ƙwanƙwasa.

"Shigo."

Ta ɗago ta gan ni, jan biron yana hannunta a kan wani fayil.

"Gobe na ce, ƙarfe tara."

"Na ji, ranki ya daɗe. Amma gobe akwai wanda zai zo ya yi magana a madadina, kuma ban ɗauke shi lauya ba."

Ta dube ni har na ji tsayuwar ta yi tsawo. Sannan ta rufe fayil ɗin, ta mayar wa biron murfinsa, ta nuna min kujera da shi.

"To, Lauya. Kotu na sauraronki."